Taliyar Meziko a Tukunyar Matan Sharaɗa

 

'Yar uwa, a cikin tambayoyin da mace ke yi wa kanta kullum, ban san wadda ta kai "yau me za a ɗora?" cin rai ba. Kuɗin cefane ga shi a hannunki, kin san iyakarsa. Yara kin san abin da suka gaji da shi. Maigida kuma kin san lokacin dawowarsa da irin gajiyar da zai shigo da ita. Duka ukun nan sai kin haɗa su a tukunya ɗaya kafin a kira magariba. To a wannan watan ina so in ba ki labarin wani girki da ya shigo gidana daga ƙasa mai nisa, wato Meziko, amma kusan duk kayansa a bakin titinmu na saye su. Sai dai kafin mu shiga kicin, bari in faɗa miki irin gidan da girkin ya tarar, don ki gane abin da ya sa na riƙe shi hannu bibbiyu.

A Sharaɗa nake aure, shekara 17 ke nan. Idan ke ba 'yar Kano ba ce, to Sharaɗa da Calawa da Bompai su ne manyan unguwannin masana'antu na birnin. Bompai ce babbar yaya, don tun zamanin Turawa aka fara kafa kamfanoni a can, kuma a nan kamfanin fulawa na Arewa yake. Calawa ta yi suna da kamfanonin jimar fata da masaƙu. Sharaɗa kuwa kashi uku aka yi ta, akwai masu roba, masu fata, masu kayan abinci da sauransu. Iyayenmu suna ba mu labarin lokacin da in an tashi daga aiki ba ka ganin kwalta saboda kekunan ma'aikata. Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, ga rashin wutar lantarki, ga kayan waje masu araha, sai kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu ciyawa ta cinye harabarsu, wasu kuma an mai da su sito.

Waɗanda Allah Ya bar wa mazajensu aiki, irina, mun san wata rayuwa da ba kowace mace ta sani ba: rayuwar duti. Maigidana a wani kamfanin roba yake. Satin dutin safe ne kaɗai muke cin abincin dare tare. Satin dutin rana sai yara sun yi barci yake shigowa, ya buɗe kula ya ci shi kaɗai. Satin dutin dare kuwa a tsaye yake cin abinci, ido na kan agogo. Kin ga ke nan daren da za a ce uba da uwa da 'ya'ya sun kewaye tire ɗaya, a gidajenmu ƙirga shi ake yi. Shi ya sa ba na son in ɓata irin wannan dare da abincin da za a ci ana yamutsa fuska.

Ga kuma zancen aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ke ma shaida ce a kan yadda farashin komai ya tashi. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma kafin ya iso hannu kasuwa ta riga ta cinye ƙarin. A Afrilun wannan shekarar ta 2024 kuma aka ninka kuɗin wutar manyan layuka fiye da sau uku, kuma irin layukan da kamfanoni ke ɗora injinansu a kai ke nan. Bayan 'yan watanni kamfanin su maigida ya rage ranakun aiki, abin da yake shigowa da shi ya ragu. Namiji mai zuciya ba ya son a gane gazawarsa. Sai na lura in zai ba ni kuɗin cefane, a kan firij yake ajiyewa ya fice ba tare da mun haɗa ido ba. Hira ta ragu a gidan. In ya zauna cin abinci, kansa na ƙasa, kamar mai jiran a ce masa abin bai isa ba.

A irin wannan hali taliya ta zama rufin asirin gidaje da yawa. Ba ta cin gas, ba ta cin lokaci, yaro ma zai iya dafa ta. Amma yau da manja da yaji, gobe dafa-duka, jibi da manja da yaji, har ta kai autana in ya hango ledar taliya sai ya ce, "Umma, yau ma?" Wannan "yau ma" ɗin ba ni kaɗai take suka ba, har da uban da ke zaune a gefe yana ji.

To ta ina Meziko ta shigo? Ta hanyar zoɓo. Ina da maƙwabciya da ke zuwa aikin tsintar zoɓo a ɗaya daga cikin sito-siton nan. Bayan kaka ake kawo shi buhu-buhu daga ƙauyukan Jigawa da Katsina da Kano, ta kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau, mata su zauna su tsince tsakuwa da kara, a sake ɗurawa, a loda a kwantena sai tashar jiragen ruwa ta Legas. Wata rana na tambaye ta, wai duk wannan zoɓo wa ke shanye shi? Ta ce a wurin aiki an gaya musu Meziko ake kai shi. Kuma haka ne, mafi yawan zoɓon da Najeriya ke fitarwa can yake tafiya. Suna kiran sa hamaika, suna tafasa shi su tace, su sa sukari da ƙanƙara, kamar dai yadda ni da ke muke yi ranar suna. Ni da ban san komai game da ƙasar ba sai fina-finansu na soyayya masu dogon zango, da abin da yarana maza ke faɗa cewa ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya a 1970 da 1986, sai na ce wa babbar 'yata, mutanen da ke shan zoɓonmu, duba mana a waya mu ga da me suke haɗa shi.

Abin da muka gani ya ba ni mamaki. Suna da wani girkin gida da uwaye ke yi wa yara, na siririyar taliya da suke kira fidewo. A kakkarya ta, a soya ta ɗanya a mai har ta yi ja, sannan a zuba mata markaɗaɗɗen tumatir da barkono, a rufe har ta tsotse ruwan. Sunan girkin a harshensu ma'anarsa "busasshiyar miya". Abincin talaka ne, na ranar da babu wani abin kirki a gida. Na ce ashe dai uwa ɗaya ce ko'ina, in ta rasa sai ta ƙirƙiro.

Da muka ƙara bincike sai na gane zumuncin tukunyarmu da tasu ya daɗe. Tumatir ɗin nan da ake nomawa a Kadawa da Kura da Garun Malam da ruwan madatsar Tiga, a Meziko aka fara mai da shi amfanin gona, kuma sunansa ma daga harshen mutanen can na asali, Aztek, ya samo tushe. Tattasai daga can yake. Piya daga can take. Masara a kudancin Meziko aka fara noma ta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, ko da yake masana harshe na ganin sunan da muke kiran ta da shi yana nuna ta Masar ta biyo ta iso mana. Bayan Turawan Sifen sun ci ƙasar da yaƙi tsakanin 1519 da 1521, jiragen ruwansu da na 'yan Fotugal suka watsa waɗannan iri a duniya. Ita kuma taliyar, Turawan Sifen ne suka kai musu, kuma tun kafin nan littattafan girki na Larabci da aka rubuta a Andalus a ƙarni na 13 sun ambaci wata taliya mai suna fidaush. Har kunun aya ma yana da dangi a can. A yankin Balensiya na Sifen da aya suke yin wani farin abin sha, da ya ƙetara teku zuwa Meziko sai aka koma yin sa da shinkafa da kirfa. Kin ga ke nan sun ba mu kayan miya, mun ba su zoɓo, babu wanda zai yi wa wani gori.

Abu ɗaya nake so ki kula da shi idan kina kallon girkinsu a waya. Suna yawan amfani da kitsen alade, da wani jan tsiran nama da ake cusawa a hanji wanda galibi na alade ne. Wannan ba namu ba ne, kuma girkin bai rasa komai in an bar su. Man gyaɗa da naman sa ko na rago sun wadatar. Haka nan in kin shiga babban kanti kin ga wake ko miya ta gwangwani daga waje, ki karanta abin da aka rubuta a jiki kafin ki saya, ko ki ba yaro ɗan makaranta ya duba miki.

Yanzu ga yadda nake yin nawa, na gidan mutum bakwai zuwa takwas.

Kayan da za ki tanada: taliya leda ɗaya da rabi, mai gram 500, siririya ta fi. Wake gwangwanin madara 2. Ɗanyar masara 2, idan lokacinta ne. Niƙaƙƙen nama kwatan kilo, ko abin da ya sawwaƙa. Tumatir manya 6, tattasai 4, attaruhu 2, albasa 2, tafarnuwa ƙwaya 4. Man gyaɗa, gishiri, dunƙule, masoro da tayim. Idan kina samun kumin a wurin masu kayan ƙamshi na Sabon Gari, ki sa ƙaramin cokali ɗaya, shi ke ba girkin ƙamshinsa na can. Sai kayan sama: kindirmo, awara ko cuku, lemon tsami 2, da piya ɗaya in da hali.

Da farko ki dafa wakenki tun da rana, ya yi laushi amma kada ya fashe. Ki tsame shi, ki ajiye ruwan, don da shi za mu dafa taliyar. Masarar ma ki dafa ta, ki sa wuƙa ki yanko ƙwayoyin.

Na biyu, kuma nan ne sirrin yake, kada ki kai kayan miyarki markaɗe suna ɗanye. Ki wanke su, ki jera tumatir da tattasai da attaruhu da albasa ɗaya da tafarnuwa a kan garwashin kurfoti, ko a busasshen kasko babu mai. Ki riƙa juyawa har bayansu ya yi baƙi-baƙi, su yi laushi. Ki ɓare ɓawon da ya ƙone sosai, ki bar kaɗan, ki cire 'ya'yan tattasan, sannan ki markaɗa ko ki jajjaga a turmi. Su a can suna da wani barkono da ake busarwa da hayaƙi. Mu garwashinmu ya ba mu wannan ƙamshin kyauta. Gashin nan kuma yana kashe tsamin tumatir, ba sai kin daɗe kina soya miya kina ƙona gas ba.

Na uku, ki ɗora tukunya mai faɗi, ki zuba mai kaɗan, ki soya yankakkiyar albasa, ki zuba naman da masoro da tayim da kumin da gishiri, ki riƙa farfasa shi da ludayi har ya soyu. Ki kwashe ki ajiye.

Na huɗu, ki kakkarya taliyar kamar tsawon ɗan yatsa. Ki ƙara mai ludayi ɗaya a tukunyar, ki zuba ta ɗanya. Idan ta yi wa tukunyar yawa, ki raba biyu. A nan fa kada ki tafi ɗaukar waya, kada ki leƙa yaro. Ki tsaya a kanta kina juyawa a matsakaiciyar wuta, minti uku zuwa biyar, har ta yi kalar zuma, ki ji tana ƙamshi kamar ana toya gyaɗa. Tsakanin ja da ƙonewa ƙiftawar ido ce, in kuwa ta ƙone ɗaci za ta yi. Amfanin suyar shi ne taliyar ba za ta caɓe ba, kuma za ta sami ɗanɗanon da dafaffiya a ruwa ba ta da shi.

Na biyar, ki juye markaɗen a kanta, ki ja baya kaɗan don zai yi tsalle. Ki juya minti biyu, ki zuba ruwan wake mai zafi ya ɗan rufe kanta kawai. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, gara ki fara da kaɗan ki ƙara daga baya. Ki sa dunƙule, ki ɗanɗana gishiri, ki mai da naman da wake da masara, ki rufe, ki rage wuta. Cikin minti 12 zuwa 15 za ta tsotse ruwan. Ki sauke, ki bar ta a rufe minti biyar ta turara. Babu tsanewa, babu zubar da ruwa, duk daɗin yana cikin tukunya.

In kin juye a tire, ki yaryaɗa kindirmo a sama, ki marmasa soyayyar awara ko cuku, ki jera yankan piya da ɗanyar albasa, ki ajiye lemon tsami a gefe kowa ya matsa wa kansa. Sai jug ɗin zoɓo mai sanyi, don a cika al'adar ƙasashen biyu.

Kada ki ga kwatan kilon nama ki raina. Wake shi ne naman wannan girki. Namu ba irin nasu ba ne, namu ɗan asalin Afirka ne kuma babu ƙasar da ta kai Najeriya noma shi, amma aiki ɗaya suke yi. In aka haɗa wake da abincin alkama, abin da wannan ya rasa na gina jiki wancan yana cike shi. Lemon tsamin kuma yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jini da ke cikin waken, abin da mai ciki da mai shayarwa da 'yan mata masu tasowa suke bukata ƙwarai.

Ranar da na fara yin sa, satin dutin safe ne, kuma surukata ta zo mana kwana biyu. Da na ajiye tire ta leƙa, ta ce, "Ke 'yar nan, taliyar ce ta kama?" Na ce, "A'a Inna, soya ta na yi. Girkin mutanen da ke sayen zoɓonmu ne." Ta ce ita dai a rage mata farin nan na sama, tun da take ba ta taɓa ganin an zuba nono a kan taliya ba. Ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu, sai ta miƙo hannu ta ɗebo daga gefen da ke da kindirmon. Can ta ce, "Wannan ai dafa-dukarmu ce ta yi boko." Yara suka tuntsire da dariya. Auta bai ce "yau ma" ba, cewa ya yi a ajiye masa ƙanzo.

Shi kuwa maigida bai ce komai ba sai da ya kusa ƙoshi. Ya rage murya don kada Inna ta ji, ya ce, "Nawa kika cika a kan abin da na bari?" Na ce, "Malam, ban cika ko sisi ba, ga canjinka can a kan firij." Ya dube ni, ya dubi tiren, ya yi shiru. Daga nan ya jawo auta kusa da shi, ya shiga tambayar 'yarmu wai ina ne Mezikon nan, jirgin ruwa sati nawa yake yi kafin ya kai zoɓon. Har bayan isha'i ana hira. Rabon da in ji muryarsa ta saki haka a gidan, an yi watanni. Washegari da zai fita, a hannuna ya danƙa min kuɗin cefane.

'Yar uwa, ba na ce miki taliya tana biyan kuɗin makaranta ko tana buɗe kamfanin da aka rufe ba. Albashin bai ƙaru ba a wannan daren, kuma sauran matsalolin suna nan inda muka bar su. Amma mutumin da ya yini a tsaye gaban inji, zafi na dukan sa, ƙarar na cika masa kunne, yana bukatar ya ga cewa ɗan abin da ya kawo ya zama abin da iyalinsa ke ci suna dariya. Mu ma matan muna bukatar mu ji cewa rashin kuɗi bai ƙwace mana basirarmu ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma canjin nan wani lokaci bai wuce ki gasa tumatir ɗin da kika saba markaɗawa ɗanye ba.

Kada kuma ki ce sai kayan sun cika za ki gwada. In babu nama, kifi busasshe ko ƙwai biyu sun isa, wake da awara kaɗai ma suna tsayawa. In damina ta yi tumatir ya yi tsada, ko tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta sake faɗa wa gonaki kamar yadda ta yi a 2016, ki jiƙa kauɗa ki haɗa da tattasai, sai dai ita ba a gasa ta. In rani ne babu ɗanyar masara, karas ko kabeji su maye gurbinta. Makaroni ma yana soyuwa, taliyar murji ta gida kuwa ta fi kowacce saurin ja, don haka ki ƙara sa ido. Idan akwai ƙananan yara ko mai gyambon ciki, ki cire attaruhun, ki ajiye dakakken yaji a gefe ga mai so. Wanda maigidanta ke dutin rana kuma, ta zuba nasa a kula ba tare da kindirmo da piya ba, sai ya dawo a sa masa, don kada su lalace.

Shawarata ta ƙarshe, ki duba jadawalin aikin maigidanki, ki zaɓi daren da kowa ke gida, ki shimfiɗa tabarma ɗaya, a kashe talabijin, a ajiye wayoyi. Ki jawo 'yan matanki kicin, wannan ta juya tumatir a garwashi, waccan ta kakkarya taliya, yaran maza su matse lemo su tace zoɓo. In kina da maƙwabciya irin tawa mai zuwa tsintar zoɓo, ki aika mata da ɗan kwano, don da hannunta aka gyara abin da ake sha a wancan ƙarshen duniya, ya kamata ita ma ta ɗanɗana abin da suke ci.

Allah Ya sa albarka a cefanenmu, Ya buɗa wa mazajenmu, Ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.